'Yar Wuta Rawaya da Ƙafar Tabawa

Laraba ce, tsakiyar damina. Hadari ya haɗu tun hantsi, ruwa bai sauka ba. A ranar ne kububuwa ta sari Tabawa, matar Shekarau direba, a gonar gyaɗa. Ku saurara, ba na maimaita magana.

Shekarau ya tsufa, idonsa ya yi rauni, ya bar wa 'ya'yansa uku tsohuwar motarsa. Ita kaɗai ce mota a ƙauyen, ita ke ciyar da gidan. Nomau ke tuƙi. Kallamu ya koyo duba mota da kwamfuta a birni. Barau, autansu, gyaran wayoyin mota ya iya. Gida guda, sana'a uku, amma ga abin da suka yi kafin wannan Laraba.

Wata 'yar wuta rawaya ta kama a gaban sitiyari, wadda ke nuna injin na da ciwo. Nomau ne ya fara ganinta. Bai san me take nufi ba, bai kuma tambaya ba. Fasinjoji suna ta cewa, "Direba, lafiya kuwa?" Sai ya yanki baƙin salatif ya liƙe ta. A cewarsa mota tana tafiya, kuma in Baba ya ji zai ce a ajiye ta, gida ya kwana da yunwa.

Motar ta fara shaƙewa in ta yi zafi. Tsoho ba ido amma akwai kunne, ya ce Kallamu ya duba. Kallamu ya jona kwamfuta, lamba ta fito, ya karanta ya gane sarai: sansa ce ta kusa mutuwa, 'yar abar da ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota yadda injin ke juyawa. In ta ɗauki zafi sai ta yi shiru, mota ta mutu har ta huce. Ba a samun irinta sai a birni. Ya danna, ya goge lambar, wuta ta ɗauke. Ya ce, "An gama, Baba." Wai niyyarsa ya sayo in ya shiga birni, ba ya son tayar wa tsoho hankali. Bai gaya wa kowa ba.

Wutar ta dawo. Wata rana Shekarau yana shafa gaban motar ya ji salatif, ya ɓamɓare, ya ga rawaya dishi-dishi. Ya kira Barau. Shi dai Barau ya yi aiki, ya bi wayoyi ɗaya-ɗaya har yamma bai ga inda ta tsinke ba. Amma girman kai ya hana shi tambayar yayansa mai kwamfuta. Ya ce, "Baba, tsohuwar mota ce, wutar nan ƙarya take yi." Ya zare ƙwan wutar ya jefa aljihu. Daga ranar motar ba ta da bakin yin kuka.

To, ranar Laraba suka sa uwarsu a baya, su ukun, suka nufi asibitin da ke da maganin maciji. Akwai rafi a hanya, ba gada, ana ratsa shi in ruwa bai kawo ba. Suna hango rafin mota ta mutu. Nomau ya yi ta murɗa makulli. Barau ya shige ƙarƙashi yana jan waya.

Kallamu ya ce, "Ku bari, sansa ce. Sai ta huce."

Barau ya leƙo. "Yaya, ka sani ke nan?"

"Kai da ka cire ƙwan, wa ka tambaya?"

Tabawa daga baya ta ce, "Ku yi faɗanku in na mutu."

Kafin injin ya huce ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Motar ta tashi, amma rafi ya riga ya cika ya batse. Sai washegari suka haye. Allah ya yi da sauran kwanan Tabawa, ta rayu. Ƙafar kuwa ta ruɓe, likita ya yanke daga gwiwa. Ya ce da sun iso a ranar, da ba a kai ga haka ba. Matar da ta goya su duka uku, yau sanda take dogarawa.

Aka dawo da ita gida. Washegari da safe Shekarau ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya kira 'ya'yan nasa. Ya ɗauko takalmin Tabawa na hagu, wanda ba shi da ƙafa yanzu, ya ajiye a tsakiya.

Ya ce, "Mai wannan aikin ya ɗauka, ya ajiye makullin motata, kada ya ƙara taɓa ta."

Ba wanda ya motsa. Nomau ya ce shi bai san ciwon ba. Kallamu ya ce shi ya bar wutar da ranta, da za ta sake gargaɗi. Barau ya ce shi kaɗai ne ya yi gumi, kuma da an gaya masa gaskiya da bai taɓa ƙwan ba.

Ɗaya ya gani ya rufe, ɗaya ya sani ya goge, na ukun bai sani ba ya kashe. To, ku da kuke zaune, wane ne a cikinsu zai ɗauki takalmin nan?