Kwabon da Ba Shi da Huji

Akwai wani manomi a wani ƙauye, mai ƙarfi, mai gona mai albarka, mai mata mai haƙuri. Abu ɗaya ne ya hana shi sakewa a duniya: ba ya iya ganin alheri ya shiga gidan wani. In akuyar maƙwabci ta haifi biyu, ranar tuwo ba ya wuce masa maƙogwaro. An ce akwai shekarar da ruwan sama ya fara sauka a gonar ƙanensa kafin tasa, ya yi damina guda yana hararar hadari. Ni dai ban gani ba, amma waɗanda suka faɗa mini ba sa ƙarya sai ranar kasuwa.

Matarsa tana da abu guda da take ji da shi, wato sarƙar tsofaffin kwabbai, irin na dā masu huji a tsakiya, waɗanda aka daina ciniki da su tun ba a haife ta ba. Kakarta ce ta jera su a zaren fata ta ba uwarta, uwarta ta ba ta, ita kuma ta adana su a ƙasan akwati domin 'yarta Keziya, ranar da za ta tafi nata gidan. Ba ta da gona, ba ta da dabba. Abin da za ta iya damƙa wa 'yarta ta ce daga wurin iyayenmu mata ya fito, shi ke nan.

Tare da sarƙar aka ba ta wani kwabo guda da ya ƙi shiga zare, gama ba shi da huji. Haka ya fito daga gidan da ake buga kuɗi, a toshe. Da yake bai dace da wuya ba, sai aka tura shi gindin murhu. Da shi kaka ta kankare ƙanzo, da shi uwa ta kankare, da shi jika take kankarewa. Ƙanzon da kwabon nan ya ɓamɓaro, da an tara shi, da ya ciyar da gari guda a shekarar yunwa.

Ana nan sai wani baƙo mai sayen tsofaffin kaya ya zo ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin tsamiyar kasuwa. Wata gwauruwa, maƙwabciyar manomin, ta kai masa wani kwabo da ta daɗe tana jin kunyarsa, domin hujinsa ya zame gefe, rubutunsa kuma ya hau kan juna. Baƙon ya ciro wani ɗan gilashi mai ƙara girman abu, ya duba, ya sāke dubawa. Kafin kasuwa ta watse, gwauruwa ta koma gida tana jan saniya.

Manomin ya ga saniyar ta wuce ƙofar gidansa. Ko takalmi bai tsaya sawa ba, sai ga shi a gindin tsamiya.

Ya ce, "Malam, kai ne ka ba tsohuwar nan kuɗin saniya a kan karkataccen kwabo?"

Baƙon ya ce, "Ni ne."

"Saboda ya karkace?"

"I, saboda ya karkace tun daga gidan bugawa. Ka ga, a can akwai masu dubawa, duk wanda ya fito ba daidai ba narkar da shi suke yi, shi ya sa wanda ya tsere musu..."

Amma da ƙeya baƙon yake magana, gama manomin ya riga ya juya. Rabin magana ya ɗauka, ya bar rabin a kan tabarma.

A hanya ya yi ta lissafi a zuciyarsa. Ya ce, "In karkata kaɗan ta kawo saniya, karkata sosai ai bijimi ce. In kwabo ɗaya saniya ne, sarƙa guda ai garke ce." Kafin ya isa gida har ya fara damuwa da inda zai sami makiyayi mai amana. Ya sayi igiyoyi, ya sare itace, ya kafa turaka a tsakar gida. Matarsa ta ce, "Baban Keziya, me za a ɗaure?" Ya ce, "Ke dai ki zuba ido."

Ya jira ta tafi rafi. Ya buɗe akwatin da ba nasa ba, ya tsinke zaren da ba shi ya jera ba, ya zube kwabban a kan dutsen niƙa, ya ɗauko guduma. Ku ji fa, abin da mata uku suka tsare daga tsatsa da ɓarayi da shekarun yunwa, bai kai dahuwar wake ba ya gama da shi. Wani ya lanƙwasa, wani ya daddatse, wani ya buga har rubutun ya shafe. Yana yi yana waƙa.

Da ya gama, idonsa ya faɗa kan kwabon gindin murhu. Ya ɗauke shi, ya juya shi, ya ce, "Kai kuma toshasshe, ko huji ba ka da shi, wa zai kalle ka? Bari in taimake ka." Ya ɗora ƙusa a gefensa, daidai inda ya ji an ce hujin na gwauruwa yake, ya buga har ta fita ta baya.

Ranar kasuwa ya rataya igiyoyinsa a kafaɗa ya tafi. Da yake ya cika gari da baki, mutane suka bi shi a baya. Ya kwance ƙullin a gaban baƙon, ya ce, "Ga karkata iya karkata. Ka fara kiran masu shanu."

Baƙon bai ko ciro gilashinsa ba. Ya sa yatsa ya motsa su, ya ce, "Wa ya yi wannan aika-aika?"

"Haka suka fito."

"Ɗan'uwa, ga sawun dutsen niƙa a bayansu, har da garin dawa. Da ka kawo su lafiyayyu, da na saya da daraja, domin tsofaffi ne, an kuma riƙe su da kyau. Yanzu sai dai ka kai wa maƙeri, ko zai yi maka zoben akuya."

Manomin ya ce, "To ai kai ka ce karkata kake saye."

"Na ce wadda ta fito daga hannun mai bugawa. Ita ce ba a samu. Ta guduma kuwa, duk mai guduma yana iya cika mini buhu kafin azahar."

Sai hannun baƙon ya tsaya a kan kwabon ƙarshe. Wannan karon ya ciro gilashi. Ya duba tsakiyar, ya ga babu huji, ba a kuma taɓa yi ba. Ya duba gefen, ya ga sabon huji yana ƙyalli. Ya ajiye gilashin a hankali, mutane suka matso.

Ya ce, "Tun ina da baƙin gashi nake yawon kasuwanni ina neman irin wannan. Wanda ya fita daga gidan bugawa ba a huda shi ba. Ko da yake gefensa ya cinye, da na ba ka abin da ya fi na gwauruwa nesa. Yaushe aka huda shi?"

 Matar manomin ce ta amsa daga bayan taron, gama ta baro tallan daddawarta da ta ji hayaniya. Ta ce, "Ranar da na tafi rafi."

Ta durƙusa ta tsince kwabban ɗaya bayan ɗaya ta zuba a bakin zanenta. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Baban Keziya, zaren kakata fa?" Ya laluba aljihu ya miƙa mata guntayen. Ta ce, "Kai za ka gaya wa yarinyar, ba ni ba."

Da suka koma gida, ta karɓi igiya ɗaya daga kafaɗarsa, ta warware silinta, ta zura a sabon hujin, ta ɗaure kwabon a turken da ya fi girma. Ta ce, "Ga bijiminka nan. Ka ba shi ruwa." Tun daga ranar da farce ake kankare ƙanzo a gidan, kuma ba farcenta ba.

To, 'yan'uwa, ku daina dariya haka, gama ma'anar wannan misali a kanmu take sauka. Gidan bugawa shi ne hannun Mahalicci, kwabbai kuwa mu ne. Kada wani ya fita daga nan ya ce na ce Allah yana kuskure. Masu buga kuɗi suna yi, shi ba ya yi. Abin da muke kira kuskure a jikin mutum, da saninsa ya bar shi haka, kuma ya san darajarsa ko da mu ba mu sani ba.

Amma ku dubi abin da muke yi. Mutum ya ɗauki halinsa ya ɗora a kan dutse, shekara da shekaru yana bugu: yau fushi, gobe gulma, jibi kwalba. In ya gama lanƙwasa kansa sai ya zo ya zube a gabanmu ya ce, "Ku yi haƙuri da ni, haka Allah ya yi ni." Wani ya mari matarsa, ya ce zuciya ce ta gado. Wata ta raba gida uku da harshenta, ta ce ita dai ba ta iya ɓoye gaskiya ba. Ƙarya kuke yi wa Allah. Bai yi ku haka ba, ga sawun dutsen niƙa nan a bayanku, har da garin dawa. Ku kira abin da sunansa, zunubi ne, ku tuba. Allah mai jinƙai ne, yana karɓar lanƙwasasshe, yana miƙe shi, amma ba ya karɓar wanda ya zo yana cewa shi ne ya lanƙwasa shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai kuwa shi ne ƙusar nan. Akwai waɗanda da gaske suka fito daga hannun Mahalicci ba irin sauran ba. Yaro mai i'ina ya tashi zai yi karatu a gabanmu, manya da furfurarsu suna rufe baki suna motsa kafaɗa, har ya zauna bai ƙara tashi ba. Yarinya bahaguwa, an yi ta dukan hannunta har ta tsani alƙalami. Mace mai shiru, wadda ba ta iya shiga jerin masu baki ba, mun tura ta gindin murhu, duk wani taro ita ce mai wanke tukwane, ba wanda ya taɓa tambayarta abin da ke zuciyarta. In kuma mun tuna da su, sai mu zo da ƙusa, wai za mu taimake su su zama kamar kowa. Wa ya aike mu?

Lanƙwasar da muka yi da hannunmu muna ɗora wa Allah, abin da Allah ya yi da hannunsa kuma muna huda shi. Rana tana zuwa da Mai shi zai shimfiɗa tabarma, shi kuwa ba ya bukatar gilashi. Zai ɗaga wanda muka raina, ya ga sabon huji yana ƙyalli, ya tambaya yaushe aka yi wannan, wa kuma ya yi.

Saboda haka in kun koma gida yau, kowa ya leƙa gindin murhunsa ya ga wa ya ajiye a can. Ya gaishe shi da kyau. Ƙusar kuma ya bar ta a aljihu.