Damben Da Somkiat Ya Buɗe Ana Tsakiyar Annoba

Akwai wani mai horas da 'yan dambe a wani ƙauye kusa da garin Buriram na ƙasar Thailand, sunansa Somkiat. Da korona ta sa aka rufe filayen wasa, komai ya tsaya masa cak. 'Yan dambensa suka fara watsewa, wasu suka koma yankan rake. Aikin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kai yana rushewa yana kallo.

Wata rana suna cin shinkafa mai danƙo da kwaɗon ɗanyar gwanda, ya dubi ƙanwarsa Lamai ya ce, "Ran Asabar zan haɗa dambe a bayan injin casa."

Ta ce, "Yaya, kana cikin hankalinka kuwa?"

"Ras nake. Cutar nan ba za ta bar mu ba sai kowa ya yi ta. Samari ne majiya ƙarfi, ɗan zazzaɓi za su yi su miƙe. In yawancinmu muka warke, ta rasa wanda za ta kama."

"Kafin ta rasa ɗin, wa za ta ɗauka? Mama fa, da ciwon sukarinta?"

Ya yi dariya. "Mama dambe take zuwa kallo? Ke dama tun kina ƙarama ko ƙadangare gudunsa kike."

Aka yi dambe. Fili ya cika maƙil, ana ihu kafaɗa da kafaɗa, takunkumi duk a haɓa.

Ba a jima ba Somkiat ya fara tari, ya warke, har yana tsokanar Lamai. Sai mahaifiyarsu ta kwanta.

Ranar da numfashinta ya fara sarƙewa, suka sa ta a bayan a-kori-kura, Lamai na riƙe da kanta. Asibitin gunduma babu gado. Na gaba ma haka. Somkiat ya durƙusa a bakin ƙofa yana roƙon ma'aikaciyar jinya: "Ko a ƙasa ne ku kwantar da ita, ku dai sa mata iska!"

Da ƙyar aka karɓe ta. Ba su sake ganin fuskarta ba.

A rufe aka kai gawarta haikalin mabiya Buddha, aka ƙone ta a ranar, su suna tsaye daga nesa. Ko ruwan bankwana da ake zuba wa mamaci a hannu ba su samu zuba mata ba.

Somkiat ya fashe da kuka. "Lamai, ki zage ni. Ki ce wani abu!"

Ta share hawayenta ta ce, "Zagin zai dawo da ita? Tashi, Yaya. Ka bi duk wanda ya je filin nan, ka ce ya killace kansa. Su ma suna da iyaye a gida."

Ya tashi, ya fara da gidan maƙwabcinsu.

Darasi: Kada ka yanke shawara da ƙarfin jikinka alhali raunanan gidanku ne za su ɗauki sakamakon. Wasa ana sake buɗe shi, rai kuwa ba ya dawowa. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani ya tsaya ya yi tunani.