Ƙahon da Ya Yi Damina Biyu a Wuyan Makiyayi

Akwai wani manomi da ya yi faɗa da ƙanensa a kan iyakar gona. Ƙanen ya yi fushi, ya kwashe iyalinsa, ya ƙaura can ƙetaren kogi, tafiyar kwana takwas. Shekara goma sha biyu ba gaisuwa, ba aike.

Da manomin ya tsufa, ƙafa ta ƙi, sai zuciyarsa ta yi sanyi. Ya ɗauko wani ƙaramin ƙaho wanda ubansu yakan busa ya kira su gida daga gona tun suna ƙanana. Ya san in ƙanen ya gan shi ba sai an yi masa bayani ba.

To, a ƙasar nan suna da wata al'ada. A kowane zango na hanya akwai kuka mai kogo, nan ake ajiye saƙo. Matafiyin da ya tarar da saƙo, in ya nufi inda saƙon ya nufa, sai ya ɗauka, ya ƙulla ƙulli ɗaya a igiyarsa, ya sa shi a kogon zango na gaba. Doka ɗaya ce tak: kada saƙo ya wuce kwana uku a hannun mutum.

Manomin ya ɗaura wa ƙahon igiya da guntun fata mai sunan garin ƙanensa, ya sa aka kai shi kogo na fari. Ƙaho ya kama tafiya. Mahauci ya ɗauka, maharbi ya ɗauka, har ƙulli ya kai biyar, na biyar ɗin wata mai tallar gishiri ce ta ƙulla.

A kogo na shida wani makiyayi ya sa hannu ya ciro shi. Ya juya shi, ya busa don wasa. Sai ga tumakinsa a guje sun kewaye shi. Ya ce, “Kai! Wannan abu da albarka yake. Bari in kai shi jibi.” Ya rataye shi a wuya. Jibi ta zo, ya ce sai an yi ruwa. Ruwa ya sauka, ya ce sai an yi girbi. Ku ji mutum fa! Zango biyu kacal suka rage, tafiyar da yakan yi da garkensa ba tare da ya ji a jikinsa ba.

Bayan girbi mai gishiri ta biyo, ta ga ƙahon a wuyansa, ta gane ƙullinta. Ta ce, “Ɗan'uwa, wannan ba saƙon hanya ba ne? Mai shi yana jira.”

Ya ce, “Haba Iya, ai ba sata na yi ba. Dubi yadda nake kula da shi, har mai nake shafa masa. Zan kai.”

Ta yarda, ta wuce. Damina ta biyu ta zo ta tafi, mai gishiri ta sake dawowa, ƙaho yana nan a wuyansa yana ta sheƙi. Wannan karon ba ta tsaya roƙo ba. Ta sauke tallarta, ta miƙa hannu ta ce, “Cire shi ka ba ni. Ba ka ji kunya ba?” Ta karɓa, ta bar cinikinta, ta kai shi da kanta.

Da ƙanen ya ga ƙahon ubansu, ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka. Kashegari da sassafe ya kama hanya, tafiyar kwana takwas ya yi ta a shida. Ya shiga gida yana kira, “Yaya! Yaya, na zo!” Matar wansa ta fito, ta riƙe hannunsa, ta kai shi gaban wani sabon kabari. An yi kwana goma da binne wan nasa. Ta ce, “Ya jira ka damina biyu. Daga baya ya ce ka ga ƙahon ne ka ƙi.”

Ma'anar wannan misali ita ce, akwai abubuwan da Allah yakan sa a hannunmu ba don mu ba, sai don su bi ta wurinmu su wuce. Ƙahon shi ne bishara, shi ne gafara, shi ne kowane alherin da aka ba ka ka kai wa wani. Makiyayin kuwa, kada ku waiwaya kuna neman ɓarawo. Bai fasa ɗakin kowa ba, bai yi wa kowa ƙarya da gangan ba. Yana da niyya mai kyau, ita ce ma ta fi ba ni haushi. Da wannan “zan kai” ɗin ya sa tsoho ya mutu da baƙin ciki.

Mu ne, 'yan'uwa. An ce ka gaya wa maƙwabcinka wance ta yafe masa, kana jiran lokacin da ya dace. Keken ɗinkin zumuntar mata da ake zagayawa da shi, yana ɗakin wa tun Kirsimeti? An lulluɓe shi da zane mai kyau, gwauruwar da ke biye kuwa ba ta da abin yi. Wannan ba ajiya ba ce, zalunci ne, ko da an share masa ƙura kullum. Ku kuma masu gani ku yi shiru don kada a ɓata zumunci, mai gishiri ta yi laushi sau ɗaya, kun ji abin da ya jawo. Ku faɗa da ladabi, in ba a ji ba ku je ku karɓa.

Ban tsame kaina ba. Da na gama rubuta wannan, sai na buɗe akwatina na tarar da Littafi Mai Tsarki mai manyan baƙaƙe da aka ba ni in kai wa Baba Dogara, wanda idonsa ya yi rauni. Wata huɗu ke nan, kunya ta kama ni sosai. Na gode wa Allah, Baba Dogara yana nan da rai. Saboda haka yau kada kowa ya tsayar da ni gaisuwa a bakin coci, gidansa zan wuce.