Ranar da Mossop ya koma Landan

Akwai wani dattijo da aka yi a nan garinmu, kusa da Leeds, sunansa Mista Ackroyd. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san littattafansa na Mossop, beyar ɗin nan mai kunne ɗaya. To asalin labarin ne fa ba kowa ya sani ba.

Shi Mossop ɗin 'yar tsana ne na gaske. Matar Ackroyd ce ta ɗinka shi da tsohon kwat ɗinta, ta ba 'yarsu Bryony, ba a jima ba uwar ta rasu. Yarinya ba ta barci sai da shi. Uban yana jin hirar da take yi da shi, yana rubutawa. Littafi ya fita, ya karɓu, kan Ackroyd ya kumbura.

Sai wani gidan tarihi a Landan ya roƙi a ba shi Mossop na ainihi. Lokacin Bryony tana makarantar kwana, ta bar shi a gida don kada 'yan ɗakinsu su yi mata dariya. Wallahi ko tambayarta bai yi ba, ya miƙa musu.

Ta dawo hutun Kirsimeti, ta duba gado, wayam.

"Baba, ina Mossop?"

"Ya samu ci gaba, ya koma Landan," ya ce yana dariya. "Ga sabo na sayo miki. Wannan har kunne biyu gare shi."

"Kwat ɗin Mama ne fa."

"Haba Bryony, ai kin girma. Yanzu na yaran ƙasar nan ne duka, ba naki ke kaɗai ba. Sha shayinki kafin ya huce."

Ta ce to. Ba ta yi kuka ba, ba ta ƙara tayar da maganar ba. Tana girma ta tattara ta koma New Zealand.

Tsufa ya zo, aka kai Ackroyd gidan tsofaffi. Ran Lahadi kowa da baƙinsa, shi sai taga. Ya ce bari ya karɓo Mossop, ƙila Bryony ta dawo. Ya hau jirgin ƙasa da sandarsa har Landan.

Mai kula da gidan tarihin ta ce, "Yallaɓai, kyauta ka ba mu. Ni kaina sai da safar hannu nake taɓa shi."

"Ke, kin san da wa kike magana?"

"Na sani, mun gode ƙwarai. Ɗan matsa kaɗan, yara na layi."

Ya kira Bryony a waya. "Na je in karɓo miki shi, sun hana ni."

Ta ce, "Baba, ina da jika yanzu. Me zan yi da shi? Tambayata kawai ya kamata ka yi, a lokacin."

"Ba za ki zo ba?"

"Da nisa, Baba. Ka riƙa sa rigar sanyi."

Bai ga bazara ba. Ranar jana'izarsa coci ya cika maƙil, manya da furfura, kowa rungume da Mossop ɗinsa na kanti. Bencin gaba, na iyali, babu kowa a kai.

Darasi: Kada ka ɗauki abin da yaronka ya riƙe da zuciyarsa ka sayi suna da shi, ko da a idonka tsumma ne. Tambaye shi tukuna. Wani haƙurin in ya makara, ba mai karɓa. Ku tura wa iyaye, don Allah.