Ranau Maharbi da Rijiyar Wane

A zamanin da ba a fara kewaye garuruwa da ganuwa ba a ƙasar da ke bayan manyan duwatsu, lokacin da giwaye ke ratsa dawa da rana tsaka babu mai tare musu hanya, an yi wani maharbi ana ce da shi Ranau ɗan Shekara. Dogo ne, siriri, ba shi da yawan magana, yana da tabon farcen damisa tun daga kafaɗa har gwiwar hannu. Maharba 'yan'uwansa suna yi masa kirari suna cewa, "Ranau na Shekara, maƙwabcin zaki, baƙon kura, kibiyarka ba ta tambayar hanya!"

A cikin kwanakinsa aka yi wani fari da ya ƙone gero tun kafin ya yi kai. Tafkuna suka tsage, mutane suka koma cin ganye da saiwa. Ranau ya ɗauki baka da kwari ya shiga Dajin Dargaza, inda ko maharba ba su cika zuwa ba, yana bin sawun ɓauna, don ya san inda ɓauna take to ruwa bai yi nisa ba. Ya yi ta tafiya har gorarsa ta bushe, harshensa ya kumbura, ya faɗi a gindin wata marke yana jiran ajali.

Da ya buɗe ido sai ya ga wata ɓauna tsaye a kansa, baƙa ƙirin, da fari a goshinta. Ba shi da ƙarfin jan baka. Ta juya ta yi gaba kaɗan, ta tsaya ta waiwayo shi, shi kuwa ya bi ta da rarrafe har gindin wani falalen dutse. Nan ta tona ƙasa da kofatonta, ruwa ya ɓulɓulo mai sanyi. Zuriyar maharba sun ce ta yi masa magana da harshen mutane, ta ce, "Sha, ka je ka kawo naka su sha. Amma kada jinin ɗayanmu ya zuba a ƙasar nan." Ranau ya zaro kibiya, ya lasa ƙarfenta, ya rantse a kan haka.

Da ya farfaɗo ya koma ƙauyuka yana tattaro waɗanda yunwa ta bari. Mai iya tafiya ya bi shi, wanda ba ya iyawa ya goya shi. A cikin waɗanda ya goya akwai wata zabiya, wato mawaƙiya, mai suna Cima, wadda ta binne 'ya'yanta duka a wannan fari, muryarta ma ta dushe. Suka kafa bukkoki kusa da idon ruwan, suka sa wa wurin suna Dargaza. Mutane na ɗiban ruwa da hantsi, ɓaunaye na zuwa sha da la'asar, ba wanda ke shiga lokacin wani.

Bayan an yi damuna mai kyau an tara hatsi, sai ga wani saurayi a kan ramammen doki, da saran takobi a cinyarsa har ya fara ruɓewa. Sunansa Zangina. Ɗan sarauta ne daga wata ƙasa ta gabas, wansa ya kore shi a rigimar gadon mulki. Ranau ya sauke shi a bukkarsa, ya wanke masa mikin da sassaƙe, ya ciyar da shi naman daji har ya miƙe. Tun daga lokacin Zangina ba ya kiransa sai da Baba.

Dargaza ta ƙara cika, rigingimun iyakar gona suka fara yawa. Dattawa suka taru suka ce wa Ranau ya zama shugabansu, tun da shi ya kawo su.

Ya ce, "Ni mutumin daji ne. In na zauna a zaure ina sauraron ƙara, wa zai kore muku kura? Ga yaron nan, a gidan mulki ya tashi, ya san yadda ake yi. Ku ba shi."

Aka naɗa Zangina. Ba za a hana shi abin da ya yi ba. Shi ya gina ganuwar Dargaza, shi ya kafa kasuwa da marina, a zamaninsa fatake suka fara yada zango a garin da gishiri da kanwa. Amma yadda ganuwar ke tashi haka zuciyarsa ke tashi, kuma yana jin zafi duk lokacin da baƙo ya tambayi wanda ya kafa garin aka nuna masa wani tsoho mai warki a bayan gari.

Ana nan sai labari ya zo cewa wan nan nasa na shirin kawo masa yaƙi. Wani bokan fada ya ce masa in aka rufe tambari da fatar ɓauna mai farin goshi, duk dokin abokin gaba da ya ji amonsa sai ya durƙusa. Sarki ya aika a kira Ranau. Ranau ya zo ya zauna a ƙasa a gaban fadawa, ya yi gaisuwa.

Sarki ya ce, "Maharbi, fatar mai farin goshi nake so."

Ranau ya ɗaga kai ya dube shi, don bai taɓa jin wannan kira daga bakinsa ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai rantsuwa tsakanina da ita. Ruwan da aka wanke maka ƙafa da shi, nata ne."

Sarki ya ce, "Kai ka rantse, ban rantse ba. Ba wanda take bari ya matso ta sai kai. In ka kawo ta, ita kaɗai za ta mutu. In ka ƙi, zan sa a kewaye kurmin da wuta, mahaya su tsaya da masu, kada ko maraƙi ya fita. Zaɓi ya rage naka."

Ranau ya dubi dattawan da ke zaune, waɗanda ya goyo da bayansa. Kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙasa. Ya tashi ya fita bai yi sallama ba.

Da la'asar ya je bakin ruwa ya tsaya a fili, bai ɓuya ba. Garken ya iso, mai farin goshi na gaba. Ta gan shi da baka a ɗane, ba ta gudu ba. Ta tako har gabansa, ta durƙusa da ƙafafunta na gaba. Ranau ya ja baka. Ya saki kibiya. Jininta ya gangara ya shiga idon ruwan, sauran garken suka juya suka yi arewa, ba a sake ganin ɓauna a ƙasar ba.

Aka rufe tambari. Da aka buga shi sai ya yi kuka irin na dabbar da aka soka, har matan gidan sarki suka toshe kunnuwa. Yaƙin da aka ji tsoro kuwa bai zo ba sam, don wan sarki ya mutu da ciwon ciki kafin ya ɗaura sirdi.

Kafin kaka ta wuce idon ruwan ya fara ja baya. Ya koma taɓo, taɓon ya koma ƙura. Mata suka riƙa tafiyar wuni guda neman tulu ɗaya, yara ƙanana suka fara mutuwa. Da gunaguni ya yi yawa, sarki ya sa aka yi shela ran kasuwa cewa Ranau ne ya karya rantsuwarsa saboda kwaɗayin nama, ya jawo wa gari masifa. Waɗanda suka ji abin da aka faɗa a fada ba wanda ya buɗe baki. Waɗanda ba su ji ba suka ɗebi duwatsu, suka rushe masa bukka.

Ranau bai kare kansa ba. Ya ari dagi ya je ƙasa da falalen dutsen, ya fara haƙa shi kaɗai. Masu wucewa na tofar da yawu a ramin. Mutum ɗaya ce ta zo ta kama masa, ita ce Cima, wadda a lokacin muryarta ta dawo har ta zama zabiyar fada. Tana jan ƙasa da guga, tana zubarwa.

Wata rana ta leƙa ta ce, "Yaya Ranau, me ya sa ba za ka faɗa musu gaskiya ba?"

Daga can ƙasa ya ce, "Wace gaskiya, Cima? Ni na rantse, ni na harba. Ja gugan."

Ya wuce jar ƙasa, ya wuce marmara, faratansa suka zube, sai da ya kai inda mai leƙawa ba ya hango shi sannan ruwa ya tsattsafo. Gari ya ɗauka da guɗa. Sarki ya hau doki ya zo da jama'a, aka ba shi ƙwaryar farko ya sha, aka yi shela cewa albarkacin Zangina ruwa ya dawo, kuma sunan rijiyar Rijiyar Zangina. A nan take, Ranau na tsaye jikinsa duk laka, sarki ya yanke cewa mai karya rantsuwa ba zai zauna a garinsa ba, kuma duk wanda ya sake ambaton sunansa za a ƙwace gonarsa.

Ranau ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni in sha kafin in tafi."

Sarki ya kau da kai. Ba wanda ya miƙa masa ƙwarya. Ya saɓa bakansa ya fita ta ƙofar arewa da ƙishirwarsa. Ba a san inda ya faɗi ba, ba a san wanda ya binne shi ba.

Da bikin kaka ya zagayo, sarki ya umarci Cima ta tsara waƙar asalin gari, ta fara da Zangina a matsayin wanda ya sari daji, ya kashe dodon ruwa, ya haƙa rijiya. Ta san in ta ƙi, wata za a sa, ita kuma a kore ta da tsufanta. Ta karɓa. Ran biki ta tsaya a ƙofar fada, makaɗi ya buga kalangu sau ɗaya don ta ɗauka. Ta buɗe baki, ta yi shiru a daidai inda sunan Ranau ya kamata ya fito. Shirun ya yi tsawo har dawaki suka fara taunar linzami, hawaye na bin kumatunta. Sannan ta ɗaga murya ta fara da Zangina, ta rera ƙaryar tun daga farko har ƙarshe, ba ta yi tuntuɓe ba.

Da ta gama sarki ya ce, "Iya, mece ce waccan tsayawar?"

Ta ce, "Numfashi nake nema, ranka ya daɗe. Tsufa ne."

Aka ba ta zane da goro. Kowace shekara haka take yi har ta mutu, kuma ba a sake jin ta yi waƙa a gidan biki ko wurin suna ba, sai wannan ɗaya da aka tilasta mata.

Zuriyar Zangina sun daɗe suna mulki, sunayensu na nan a jere a bakin maroƙa. Sunan Ranau kuwa gidajen maharba ne kawai suka riƙe shi, suna faɗa wa 'ya'yansu a daji inda ba mai ji. Har yanzu in za a jero sarakunan Dargaza, makaɗi kan buga sau ɗaya, mawaƙi ya buɗe baki ya yi shiru kafin ya kira Zangina. In ka tambayi mawaƙan yau dalili, za su ce haka suka gada, salon waƙar ne.

Rijiyar ma tana nan, ba ta taɓa ƙafewa ba ko a farin da ya fi kowane tsanani. A fada Rijiyar Zangina ake ce mata. Amma matan gari, tun daga kakanninsu da aka hana su kiran suna, Rijiyar Wane suke cewa. Kullum suna ɗiba, suna dafa tuwo, suna yi wa jarirai wanka da ruwanta, kuma da wuya ka sami ɗaya a cikinsu da za ta iya gaya maka ko wane ne wanen.