Likitan da Bai Taɓa Tari a Gaban Mutane Ba

Akwai wani likita a ƙasar Italiya, a zamanin babban yaƙin duniya na biyu, wanda a ganinsa tun kafuwar duniya ba a taɓa cutar wani mutum kamar yadda aka cuce shi ba. Ba dukansa aka yi ba, ba kuma gidansa aka ƙwace ba. Allah ne ya haɗa shi da majinyata waɗanda ba su iya tari ba. Kowace safiya yakan shiga ɗakinsu da farar riga ta sha guga, yana murza gashin baki, yana cewa shi kam an gama da shi, mutum ya yi karatu ya kai inda ya kai, sai ga shi ya ƙare da koya wa masu furfura tari kamar mai koyar da waƙa.

Gaskiyar maganar kuwa, ba marar lafiya ko ɗaya a ɗakin nan. Yahudawa ne. A kwanakin nan sojojin mamaya suna bi gida gida suna kama su, suna loda su a jirgin ƙasa, wanda aka tafi da shi kuwa ba ya dawowa. Likitan ya ɓoye waɗanda suka gudo wurinsa a ɗakin ƙarshe na asibiti, ya ƙago musu wata cutar huhu wadda babu ita, ya baza cewa duk wanda ya shaƙi numfashinsu sai kabari. Da an ji takun soja, sai kowa ya kama tari, sojoji su toshe hanci su wuce.

Dabara ta ci, sai kan likita ya kumbura. A wata liyafa ta manyan gari ya saki baki, ya ce cutar nan ta fi tarin fuka, shi ne ya fara gano ta, ya kamata ma a sa mata sunansa. Shugaban sojoji yana zaune a ƙarshen tebur, yana saurare.

Kashegari da hantsi likita ya ji wata babbar mota ta shigo harabar asibiti, ba a kuwa kashe ta ba. Kafin ya isa ɗakin ƙarshe, shugaban sojoji yana tsaye a bakin ƙofa. A ciki an riga an kama tari. Likita ya gane muryar wani tsohon tela mai suna Settimiyo, wanda kullum tarinsa yake fita kamar gyaran murya. Shugaban bai toshe hanci ba.

Ya ce, "Likita, kullum kake shiga wurinsu?"

"Kullum, ranka ya daɗe."

"Ga kumatunka kuwa kamar na jariri. Wace irin cuta ce take kashe kowa ta bar ka?"

Ya ɗora hannu a kan ƙofa.

Likita ya dubi ƙofar. Ya san da zarar ƙofar nan ta buɗe, za a ga idanu garau, a ga uwa rungume da jaririnta mai ƙoshin lafiya, motar nan kuma ba za ta koma fanko ba. Shi kuwa mutum ne wanda ko atishawa ba ya yi a gaban jama'a. Ya dubi farar rigarsa. Sai ya ciji cikin kumatunsa har ya ji jini ya cika masa baki, ya sunkuya, ya yi wani irin tari mai muni. Jini ya ɓata rigar, ya fantsama a kan takalmin shugaban.

Ya kama hannun rigar mutumin ya ce, "Na kamu, na ɓoye ne don kada a raba ni da aikina. Shigo ka gani da idonka, ranka ya daɗe, ni zan riƙe maka hannu."

Shugaban ya fizge, ya ja da baya yana goge hannu. Ya umarta a tura likita ciki, a buga katako a ƙofar, a riƙa miƙa abinci ta taga, su mutu tare. Mota ta fita ba ta ɗauki kowa ba.

Haka likita ya zauna tare da su. Abin da suka ci shi ya ci, tsoron da suka ji shi ya ji, gama da an sa wa ɗakin wuta, da shi za a ƙone. Kwarkwata ta kama shi, har tela ya sa almakashi ya datse gashin bakin nan. Sa'ad da sojoji suka bar garin aka ɓalle katako, dukansu suka fito da rai.

Bayan shekaru aka kira taro aka rataya masa lambar girma. Ya yi ta ƙorafi cewa gashin bakin bai sake fitowa kamar dā ba, ba kuwa wanda ya ba shi haƙuri. Tela ya tuna masa cewa a dukan ɗakin nan ba a taɓa jin tari marar fasali kamar na shi likitan ba. Sai likita ya ce, "Ai motar nan ni na kira ta, da bakina, a wurin liyafa."

Ma'anar wannan misali ita ce, da yawa a cikinmu muna so mu taimaki waɗanda ake tsananta musu, amma daga bakin ƙofa, da farar rigarmu, a kuma yabe mu. Son yabon nan kuwa yakan tona asirin wanda muke rufa wa asiri. Ubangijinmu Yesu bai cece mu daga nesa ba. Ya shigo inda muke, aka lasafta shi ɗaya daga cikinmu, jininsa ya zuba, ba kuwa na dabara ba. 'Yan'uwa, rana tana zuwa da maƙwabcinka zai buga ƙofarka a guje, ko addininku ɗaya ko ba ɗaya ba. Kada ka ba da labarinsa a kasuwa. In kuwa aka zo nemansa, aka ɗora hannu a kan ƙofa, ka tambayi kanka tun yau ta wane gefen ƙofar za a same ka.