Wuf da kafireto mai faɗin maƙogwaro

Akwai wani matashi da ake kira Wuf, saboda bai iya jiran komai ba. Yana da babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. Aikinsa kullum shi ne kai ƙanƙara daga masana'antar da ke gindin tudu zuwa rumfunan mata masu sayar da ɗanyen kifi, can a kasuwar da ke bisa tudun. Da wannan aiki yake ci da iyalinsa. Babur ɗin lafiyarsa lau, yana hawa da kaya a hankali har ya isa. Aibinsa ɗaya a wurin Wuf shi ne 'yan babura suna wuce shi a hanya suna masa dariya.

Wata rana ya je garejin kawunsa, wanda bakanike ne, ya tarar da kafireto biyu a kan benci. Ɗaya irin na babur ɗinsa ne, ɗayan kuwa ƙato ne mai faɗin maƙogwaro. Nan take idonsa ya rufe.

"Kawu, wannan ƙaton nake so ka ɗaura mini."

Kawun ya goge hannunsa da tsumma, ya ɗaga su biyun ya ce, "Leƙa ka gani. Aikin kafireto shi ne haɗa iska da fetur kafin su shiga inji. Ƙaramin nan maƙogwaronsa matsattse ne, sai iska ta bi da sauri, ta zuƙo man da kyau ko da injin yana tafiya a hankali. Shi ya sa yake jan kaya. Ƙaton kuwa na babban inji ne, sai ana sheƙa gudu yake nuna ƙarfinsa. Ƙaramin injinka ba zai iya zuƙar iskar da za ta cika shi ba. In ka zo hawa da kaya, shaƙewa zai yi."

"Haba Kawu! Babba ai babba ne. Ku mutanen da, tsoron gudu ne ke damunku."

"To, ɗan nan, babur naka ne. Amma ka gwada shi da kaya a kan tudu kafin ka ɗauki amanar mutane."

Aka ɗaura. Wuf ya hau ya bi shimfiɗaɗɗen titin da ke gaban garejin, babu ko tsinke a bayan babur ɗin. Ya murɗa totur har ƙarshe, bututun hayaƙi ya ɗauki ƙara, ya wuce wasu babura biyu. Wannan ya ishe shi gwaji. Ko garejin bai koma ba.

Washegari aka tashi da rana mai zafi. Ya yi lodin ƙanƙara, har da ƙari a kan abin da ya saba, tunda a ganinsa ya sami ƙarfi. A fili komai ya tafi daidai. Da ya kama hawan, gudu ya ragu, injin ya fara tari. Ya sauke giya, ya ƙara mai, abin sai daɗa shaƙewa yake yi. A tsakiyar tudun ya mutu murus. Wuf ya danne birki, ya sa duwatsu a bayan tayoyi, ya yi ta buga injin. In ya tashi, da an saki kuloci sai ya sake mutuwa. Babu inuwa a wurin. Ruwa ya fara zuba ta ƙarƙashin buhunan ƙanƙarar yana bin gangare.

Da jira ya ishi matan, shugabarsu ta sauko da kanta, wasu na biye da ita da manyan robobi. Ƙanƙarar da ta rage ba ta fi cikin robobi biyu ba.

"Inna, ki yi haƙuri," in ji Wuf. "Wallahi jiya gudu yake yi kamar me."

Ta dubi ruwan da ke malala, ta dube shi. "Ni gudu na saya a wurinka? Kifin mata goma yana can ya fara wari."

Da yamma aka ja babur ɗin zuwa garejin, kawun ya mayar masa da tsohon kafiretonsa. Da safe Wuf ya isa masana'antar da wuri, ya tarar ana yi wa wani direban lodi. Mai gadi ya ce matan sun aiko kada a sake ba shi kayansu.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, girman abu ba shi ne amfaninsa ba. Kowane kayan aiki akwai abin da aka yi shi dominsa, kuma a kan ainihin aikin ake gwada shi, ba a inda zai burge mai kallo ba. Wanda ya ƙi sauraron masani don gaggawa, sau da yawa ba shi kaɗai yake asara ba, har da waɗanda suka dogara da shi. Inji yana gyaruwa a yini ɗaya, amma yardar mutane in ta tafi, da wuya ta dawo.